CRP 24, likita ya ce a tafi gida: takarda za a bi ko likita?

Ɗan Zango: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman wanda ya iya karatun takardar analiz. Mahaifinmu shekararsa 67, yana da ciwon suga, korona ta kama shi cikin hunturun nan har aka kwantar da shi aka sa masa oksijin. Ranar da muka shiga, CRP ɗinsa, wato awon kumburi a jini, 96 ne. Jiya aka sallame mu, takardar ƙarshe ta ce 24, alhali a gefenta an rubuta cewa na mai lafiya bai kai 6 ba. Akwai kuma wani awo, didimer, na daskarewar jini, da ƙanena ya matsa aka yi a labo na kuɗi, ya fito 900 da 'yan kai, har an ja masa layi. Yaya za a ce mutum ya warke jininsa na cewa da saura? Ko dai gadon ake so a ba wani?

Hajiyar Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Yana cin abinci?

Ɗan Zango: Amin Hajiya. Yana shan kunu da fura, tuwo dai kaɗan. Da kansa yake zuwa alwala.

Baba Majo: Ɗana, kafin a shiga maganar takarda ka ba ni amsar abu uku. Kwana nawa ke nan da aka cire masa oksijin? Abin auna iskar jini da ake maƙala masa a yatsa nawa yake nunawa in yana zaune, nawa kuma in ya ɗan taka? Sai masassara, yaushe rabonsa da ita?

Ɗan Zango: Kwana biyu kafin sallama aka cire, Baba. Yana nuna 95, wani lokaci 96. In ya zaga tsakar gida ya kan sauka 93 ya koma. Masassara tun kwana biyar ba ta dawo ba.

Baba Majo: To alhamdu lillahi. Da ni ne ma da na sallame shi. Mutumin da ke numfashi da kansa, ba masassara, yana ci yana tashi, zamansa a asibiti ba abin da zai ƙara masa sai ɗaukar wata cutar daga gadon maƙwabci. Sauran bayanin na bar wa yaron labo, aikinsa ne.

Na Labo: Na gode Baba. Ɗan Zango, lambobin da ka faɗa sun nuna mini irin awon da aka yi. Yawancin labo ɗinmu na nan da lateks muke auna CRP: a ɗiga ruwan jinin a kan kati, a gauraya da magani, a duba ko ya yi gudaji. In ya yi, a sirka shi rabi a sake, a yi ta sirkawa har ya daina. Shi ya sa sakamakon ba ya fitowa sai 6, 12, 24, 48, 96, 192. Wanda aka rubuta wa 96 zai iya zama 100, zai iya zama 180. Wanda aka rubuta wa 24 yana tsakanin 24 da 48. Abin da za ka riƙe shi ne mahaifinku ya sauko hawa biyu.

Ita CRP hanta ce ke yin ta duk lokacin da jiki ke faɗa da wani abu. Tana fara hawa cikin awa shida zuwa takwas, ta kai ƙololuwa wajen kwana biyu. In abin da ya tayar da ita ya lafa, kusan kowace awa 19 rabinta ke barin jini. Amma huhun da korona ta ji wa rauni ba ya warkewa dare ɗaya, hanta na ci gaba da fitar da kaɗan-kaɗan. Don haka 24 a ranar sallama ba abin mamaki ba ne. Da ta sauka 12 ta sake komawa 48, wannan ne zai hana ni barci.

Mai Kabu-kabu: Ku dai ku faɗi gaskiya. Masassara ce da mura irin ta kowane hunturu, aka sa mata sabon suna don labo su ci kuɗi. Da can wa ya san wani CRP? Kinin ake ba mutum ya tashi.

Hajiyar Sabon Gari: Kai kuma ka zo.

Baba Majo: Mai Kabu-kabu, CRP ta girme ka, ta girme ni. Tun 1930 aka gano ta a Amurka, a jinin masu ciwon huhu. Maganar cewa babu cutar kuwa, ka tambayi mutanen Gure da Taskar. Ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar ɗan jiharmu ne, ranar 3 ga Mayu 2020 ya rasu a Yamai, gwamnati da kanta ta ce korona ce. Inda nake tare da kai wuri ɗaya ne: ana rubuta wa talaka analiz ɗin da ba zai sauya komai a maganinsa ba. Wannan kam ana yi.

Mai Kabu-kabu: To ai shi nake faɗa, Baba.

Baba Majo: Ba shi ka faɗa ba.

Ɗalibar Likitanci: Baba Majo, da izininka, ni didimer ɗin ne ban so a wuce shi da sauri. A watan Maris 2020 mujallar Lancet ta buga binciken majinyata 191 na asibitoci biyu a Wuhan, 54 daga cikinsu suka rasu. Abin da ya fi bambanta waɗanda suka rasu da waɗanda suka tashi shi ne yawan shekaru, da yadda gaɓoɓin ciki suka fara gazawa, da didimer da ya haura 1,000 a ranar shiga asibiti. Korona na sa jini daskarewa a jijiyoyin ƙafa da na huhu. Baban Ɗan Zango yana da shekaru, ga suga, ga kwanciyar kwanaki. 900 ba wasa ba ne.

Na Labo: Ƙanwata, karatunki daidai ne, amma ki lura da abin da kika faɗa da bakinki: a ranar shiga asibiti. Awon ranar shiga yana taimaka wa likita ya san wa zai fi sa wa ido. Awon ranar fita wani zance ne. Didimer ɓurɓushi ne da ke saura in jiki ya narkar da gudan jini. Kamar ƙurar garke ce, shanun sun wuce amma ita ba ta kwanta ba tukuna. A Ailan an bi mutum 150 da suka warke daga korona, aka samu kusan kashi ɗaya cikin huɗu didimer ɗinsu yana sama har wata huɗu, alhali CRP ɗin yawancinsu ta koma daidai.

Sannan iyakar 500 da ake bugawa a takarda ta matasa ce. Wanda ya wuce shekara 50, likitoci da yawa shekarunsa suke ninkawa sau goma. Mai 67 iyakarsa 670 ke nan.

Ɗalibar Likitanci: Ai 900 ya fi 670, Yaya.

Na Labo: Ya fi. Ban ce daidai yake ba. Cewa na yi awon nan in ya fito ƙasa yana kwantar da hankali, in ya fito sama ba ya gaya maka dalili. Tsufa na ɗaga shi, ciki na ɗaga shi, tiyata, masassarar cizon sauro, emasi wato sikila, ciwon daji, duka. Kuma ba kowane labo ke amfani da ma'auni ɗaya ba, akwai wanda 250 ɗinsa daidai yake da 500 na wani. In ba a ga takardar da ido ba, ba a yanke hukunci.

Baba Majo: Ɗiyata, damuwarki tana kan hanya, sai dai a jikin tsohon za a neme ta. Ɗan Zango, ka saurara da kyau. In ƙafa ɗaya ta kumbura ta fi 'yar'uwarta, ko sha-raɓarsa na ciwo tana zafi, ko numfashi ya sarƙe masa farat ɗaya, ko ƙirji na sukarsa in ya ja iska, ko ya yi tari da jini, kada ku jira gari ya waye, kada ku tsaya neman labo. Ku ɗauke shi zuwa asibiti. Kuma kada ku bar shi ya yini a kwance don tausayi. Ya riƙa tashi yana takawa, ya sha ruwa sosai, iskar hunturu na busar da mutum bai sani ba.

Ɗan Zango: Na rubuta, Baba. Wani maƙwabcinmu ya ce mu riƙa ba shi aspirin kullum don jinin ya tsinke.

Mai Farmasi: Don Allah a'a, sai in likitansa ne ya rubuta. Kullum sai an zo mini da wannan maganar. A Ingila an gwada aspirin a kan dubban majinyatan korona da ke kwance, sakamakon ya fito a 2021, bai rage mutuwa ba, ya kuma ƙara zubar jini kaɗan. Balle tsohon da na tabbata an ba shi deksametazon, maganin kwantar da kumburi. Haɗa su biyun na iya huda ciki. Ɗan Zango, duba ordonas ɗin, akwai shi?

Ɗan Zango: Akwai. Miligiram 6 kullum, an ce ya cika kwana goma, saura biyu.

Ɗalibar Likitanci: To ga abin da nake so Yaya Na Labo ya amsa. Deksametazon da kansa yana danne CRP. Ta ina za a san saukowar daga 96 zuwa 24 warkewa ce, ba maganin ne ya rufe ta ba?

Na Labo: Wannan tambaya ce ta gaske. Daga takardar kaɗai ba a rabewa. Maganin yana kwantar da kumburin, CRP ta bi shi ta sauka, kuma kwantar da kumburin shi ne aikin da aka ba shi don ya yi. Amma yana iya ɓoye masassara in wata ƙwayar cuta ta shiga huhun daga baya. Don haka awon da ya fi amfani shi ne wanda za a yi bayan ya gama maganin da kamar sati ɗaya, a labo ɗin da aka yi na farko. In ta ci gaba da sauka, shi ke nan.

Maganin yana taɓa NFS ma, wato awon ƙirga ƙwayoyin jini. Yana ɗaga fararen ƙwayoyin jini irin nitrofil, wani ya gani ya ce ai infeksiyo ce, a hau rubuta antibiyotik ba dalili.

Baba Majo: Ni kuma abin da ya fi damuna a duk takardun nan ba wanda ya ambata. Suga. Deksametazon na harba sugan mai lafiya ma, ina ga mai diyabet. Na ga waɗanda korona ta bari suka koma asibiti a sume, ba huhu ne ya mayar da su ba, suga ne. Kuma ya fi hawa da rana zuwa yamma, wanda ke auna na asuba kaɗai sai ya ga kamar lafiya lau. Ku auna da safe kafin ya ci komai, ku sake aunawa bayan la'asar. Furar nan da kuke dama masa, da sukari ko babu?

Ɗan Zango: Inna na sa kaɗan, wai don ya samu ƙarfi.

Baba Majo: Ka gaishe ta, ka ce Majo ya ce a daina. Furar ma a rage, a ƙara masa miyar ganye da ƙwai da ɗan nama. In ƙishirwa ta yi masa yawa, yana yawan fitsari, ko ya fara magana ba kan gado, asibiti.

Mai Kabu-kabu: Ku ji fa. Maganin da suka ba shi ne ma ke ƙara masa ciwo. Kulorokin ɗin da aka riƙa ba mutane a farko me ya yi?

Mai Farmasi: Ba abin da ya yi, shi ya sa aka bar shi. Binciken RECOVERY na Ingila ne ya gwada su duka biyun a 2020. Kulorokin, irin wanda ake kira hidroksi, bai rage mutuwa ba. Deksametazon kuwa, sanarwar 16 ga Yuni 2020 ta nuna ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda inji ke yi wa numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar ga masu oksijin. Wanda ba ya buƙatar oksijin bai amfane shi ba, har akwai alamar yana cutar da shi. Masu zuwa saye don mura su ji.

Maman Biyu: Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ɗiyata mai emasi ce, SS, shekararta 19. Bara da ta yi korona aka auna mata feritin da LDH, duka suka fito sama ƙwarai. Wani ɗan'uwanmu ya duba a intanet ya ce masu irin wannan lambar ba sa tashi. Kwana na yi ina kuka. Ga ta nan tana zuwa lakwal.

Na Labo: Allah ya ƙara mata lafiya, Maman Biyu. Abin da ya same ki shi ne babbar matsalar karanta awon nan a ƙasarmu. An taɓa yi mata ƙarin jini?

Maman Biyu: Sau da yawa, tun tana ƙarama.

Na Labo: To kin gani. Feritin ma'ajiyar sinadarin ƙarfe ce a jiki, kowace ledar jini da aka ƙara mata tana barin ƙarfe kusan miligiram 200, jiki kuma ba shi da hanyar fitar da shi da sauri. LDH kuwa yana cikin jajayen ƙwayoyin jini, in sun fashe sai ya zubo, mai emasi kuma kullum nata fashewa suke. Ko ba korona lambobinta a sama suke. A Wuhan da Italiya gaskiya ne feritin da LDH masu yawa suna tafiya da ciwo mai tsanani, amma majinyatansu ba masu emasi ba ne, ba kuma masassarar cizon sauro ke damunsu ba. Mai emasi da awonta na lokacin lafiya ake gwada ta. Shi ya sa nake roƙon iyaye su adana tsofaffin takardu.

Haka masassarar cizon sauro. Tana ɗaga CRP har ta wuce 96, ta ɗaga LDH da didimer, ta rage fararen ƙwayoyin jini irin limfosit, ta rage plaket masu tsayar da zubar jini. In aka kawo mini jinin mutum a watan Satumba da wannan hoton, ban ga sakamakon gut epes, awon masassarar cizon sauro, ba, ba zan iya rantsuwa ko wace cuta ce ba. Kuma mutum na iya ɗaukar duka biyun lokaci ɗaya.

Ɗalibar Likitanci: Har da nitrofil. An koya mana cewa yawancin mutanen Afirka ta Yamma nasu ya fi na Turawa ƙasa tun haihuwa, saboda wani gado na jini da ake kira Dufi, kuma ba ciwo ba ne. Amma iyakokin da injunan ke bugawa na can ne.

Na Labo: Haka ne. Rabin jan layin da nake gani a takardun masu lafiya daga nan yake. Ɗan Zango, tunda ana maganar NFS, limfosit ɗin Baba nawa ne a farko, nawa a ƙarshe?

Ɗan Zango: Na farko 700, na jiya 1,300.

Na Labo: Wannan ya fi mini daɗin ji fiye da komai. Su ne ƙwayoyin da ke yaƙi da birus, korona mai tsanani na kassara su su faɗi ƙasa da 1,000. A waɗanda ciwon ke ci gaba da cinyewa ba sa tasowa. Nasa sun taso alhali yana kan maganin da ke danne su. Kiretinin fa, awon ƙoda?

Ɗan Zango: An yi sau ɗaya a farko, an ce ya ɗan hau.

Baba Majo: To ga inda za ku sa kuɗinku. Ranar randebu ku roƙi likita ya sake kiretinin, ƙodar mai suga ba a yi mata sakaci, kuma da shi ake sanin ko maganin sugan da yake sha ya dace da shi. Suga, kiretinin, NFS, CRP. Didimer kuwa, in ba likita ya nema ba, kuɗin ku sayi tsinken awon suga da su.

Ɗalibar Likitanci: Ni dai da zan so a sake shi ko bayan wata ɗaya ne, Baba.

Baba Majo: In ya fito 800 me za ki yi? In ya fito 1,000 tsohon na zaune lafiya yana jan carbi, me za ki yi? Sikana za ki tura shi?

Ɗalibar Likitanci: In yana hawa, e, zan so a duba jijiyoyin ƙafarsa da eko.

Baba Majo: To wannan tsakaninki da likitansa. Ban hana ba, aljihun yaran nake ji.

Hajiyar Sabon Gari: Ni tambayata daban ce. Tun damina na yi tawa, analiz duka sun ce lafiya lau, amma har yau in na hau bene sai na zauna na huta, ga mantuwa. Yarana na cewa raki ne.

Ɗalibar Likitanci: Ba raki ba ne, Hajiya. A watan Oktoba 2021 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta fitar da bayanin wannan yanayin: gajiya, sarƙewar numfashi, rikicewar tunani da ke nan wata uku bayan kamuwa, suka daɗe aƙalla wata biyu, ba a kuma samu wani ciwon da ya jawo su ba. Babu awon jini guda da ke nuna shi. Mutum na iya samun CRP ƙasa da 6 yana fama.

Baba Majo: Amma kafin a ɗora wa korona, Hajiya, a duba yawan jininki da tansiyo da zuciya. Ƙarancin jini a matanmu ya fi a ƙirga, kuma shi yana da magani mai sauƙi. Wanda kuma tari ya bi shi ya wuce sati biyu, yana rama, yana zufar dare, a kai majinarsa a auna tarin fuka. Maganinsa kyauta ne. Ɗan Zango, wannan har da ku, suga da deksametazon duka suna buɗe masa ƙofa.

Malamin Lakwal: Wata tambaya. Ba a sake yi masa gwajin hanci kafin sallama ba? A 2020 ai sai an aika samfur cibiyar bincike ta CERMES a Yamai, mutum ya yi ta jira sai ya fito negatif.

Na Labo: An bar wannan tsarin, Malam. Gwajin hancin nan, PCR, na iya ci gaba da kama ragowar birus ɗin da ya riga ya mutu har wata uku. Irin abin da muke gani da TDR, gwajin gaggawa na masassara, mutum ya sha magani ya warke, gwajin ya yi makonni yana nuna layi biyu. A tsakiyar 2020 OMS ta ce a ƙirga kwana goma daga fara ciwo, a ƙara aƙalla uku da ba masassara ba alamun numfashi, sai a bar killacewa.

Ɗan Zango: Mun sayi abin yatsan nan a farmasi. Da asuba ya nuna 89, hankalinmu ya tashi, da aka jima ya koma 95.

Baba Majo: Yatsa mai sanyi ƙarya yake sa shi. A murza hannun ya yi ɗumi, a zaunar da shi, a bar abin minti ɗaya lambar ta tsaya. In ya tsaya ƙasa da 92 ku kira likita, ƙasa da 90 ku tafi kawai.

Ɗalibar Likitanci: A ƙara da cewa a baƙar fata ya kan nuna sama da gaskiya. Wani bincike na jami'ar Mishigan da ya fito a Disamba 2020 ya samu cewa abin na nuna 92 zuwa 96 alhali iskar jinin ta yi ƙasa da 88, kuma hakan ya faru ga baƙaƙe kusan sau uku fiye da farare. In Baba yana haki, ko ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja numfashi, kada 94 ta rufe muku ido.

Mai Kabu-kabu: Wato injin ma wariya yake yi. To ni in na yi gwajin jini aka ga na taɓa yin ta, sai a ƙyale ni da maganar allura ko?

Na Labo: Seroloji kake nufi. Zai nuna ka taɓa haɗuwa da ita, ba zai faɗi ko kariyar ta isa ba, balle ga nau'in korona irin Omikron da ke sake kama waɗanda suka riga suka yi. Kuma kai da ka ce babu cutar, me za a gani a jinin naka?

Mai Kabu-kabu: Tambaya ce kawai na yi.